Filastar Ƙirjin Babanki

Auta, Auta, kina ina ne? Na kira, na sake kira, wayar tana ta kuka babu mai ɗauka. Sai daga baya na tuna ashe kina cikin kamfanin maganin nan naku da ake karɓe muku waya a bakin ƙofa a kulle a loka. To bari in rubuta, in kin fito kya gani. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san yatsana ya fi baƙaƙen nan faɗi, in na danna ɗaya sai maƙwabcinsa ya biyo shi.

Ina gajiya, ya aiki? Murar nan ta sake ki kuwa? Kina dai rufe wuyanki ko? Mu nan lafiya lau, ƙafata ma ta yi sauƙi, jiya har na hau benen nan ban tsaya hutawa a tsakiya ba.

To lafiya lau ɗin ta gaisuwa ce. Babanki ne. Abin nan ya sake zuwar masa ɗazu da hantsi. Yana zaune a falo yana yanke farce, sai na ji ya ce, ke, hannuna ya fara. Haka yake fara masa kullum, yatsun su yi sanyi kamar ya tsoma su a firji. Can sai gumi ya karyo masa a goshi, fuskar ta koma kalar toka, ido a buɗe amma ba ni yake gani ba. Na sa kunnena a ƙirjinsa, Auta. Zuciyar ta buga ɗaya, sai ta tsaya kamar tana shawarar ko ta ƙara. Kafin in gama rikicewa sai ga shi ya dawo, wai yana tambayata wa ya mutu nake kuka.

Ni dai abin da na iya na yi. Jakunkunan shinkafar nan biyu da kika koya min, waɗanda na ɗinka da ƙafar tsohon wandonsa, su ne gatanmu yanzu. Yana cewa hannuna, na ruga kicin na jefa ɗaya a obin ɗin ɗumamen da kika saya mana, mai farantin nan da ke juyawa. Ta yi zafi in kai masa ya rungume, in lulluɓe shi da bargo, in koma in saka ɗayar. In cire wannan in saka waccan, obin ɗin ba ya hutawa sai ya farfaɗo. Da ya dawo hayyacinsa ya kalli jakar a ƙirjinsa wai, to ga shinkafa, ina miyar? Kin ji mutumin da nake kuka a kansa.

Ina tsaye a kicin ɗin ma na tura miki ɗan saƙo, ya ƙi tafiya, ɗan agogon nan ya tsaya a gefensa yana kallona.

Amma ga abin da ya hana ni cin abinci. Kin tuna filastar da asibiti suka manna masa a ƙirji, mai ɗan ido kore yana ƙyaftawa? Likitar zuciyar ta ce ita za ta riƙa sauraron zuciyarsa, tana miƙa wa akwatin waifai ɗin nan naki na intanet mai ƙaho biyu, shi kuma ya aika musu can asibiti. Ta ce sai sun ga ciwon da idonsu kafin su san ko za a sa masa ɗan batirin nan mai tayar da zuciya. Ba a tsaga mutum a kan maganar baki, in ji ta. To yau, Allah ya yafe min, a cikin kukan har da ɗan murna na yi, na ce yau dai an kama shi. Na kira lambar da suka ba mu. Nas ɗin ta duba, ta duba, ta ce Mama, ba mu ga komai ba, layin ya yanke daidai lokacin da kike faɗa, da ya dawo kuma komai lafiya.

Na farko ma haka suka ce. Ke da kika yi boko, gaya min, yaya abu zai yi aiki wuni guda cur, sai lokacin da ake nemansa ya rufe ido?

Ki ci abinci. Ummanki ce.

* * *

Umma, barka da yamma. Ina lafiya, murar ta tafi, saura ɗan tari. Ya ƙafar, ya jikin Baba?

Umma kin kusa kashe ni yau. Na buɗe loka na ɗauko waya, doguwar wasiƙarki ta fara shigowa, na karanta har inda Baba yake neman miya, na yi dariya. Ina sa takalmi sai ga wani ya faɗo a ƙarƙashinta: "Auta ki yi addu'a Babanki ba ya ganina." Na ɗauka wani sabon ne ya same shi. A ƙasan ɗakin lokar na zauna. Na kira ki ba ki ɗauka ba, na kira Baba, sai na ji shi yana tauna, yana tambayata ko an biya mu albashi. Ashe saƙon kicin ɗin ne ya makara, ya zo bayan 'yar'uwarsa.

To in saƙonki ma yana maƙalewa, ina ganin waifai ɗin gidan ne yake wasa. Na kira kamfanin intanet ɗin, za su turo mutum ya duba. Ki bar shi ya duba ko'ina. In za ku koma wurin likita ki gaya mata komai yadda kika gaya min, kada ki bar Baba ya yi ta zuba shi kaɗai, kin san shi a gaban likita lafiyarsa ƙalau.

Sun ƙara mana awannin aiki wannan makon, in kin ji shiru ba fushi ba ne. Ki gaishe min da Baba, ki ce masa miyar tana hanya.

Autarki.

* * *

Auta, sannu da aiki. Allah ya raba ki da tarin nan. Ki yafe min tsoratar da ke da na yi, wallahi ban san saƙo yana iya kwana a hanya ya zo daga baya ba. Babanki ya ce a gaya miki miyar kada ta yi yaji.

Mutumin intanet ɗin ya zo, wani dogo mai gemu, da jakarsa a kafaɗa. Ya tsaya a tsakiyar falo ya ɗaga wayarsa sama kamar mai neman wata, ya shiga ɗakin kwana ya fito, ya ce Mama, sabis ɗinku ya fi na gidana ƙarfi. Ya ce ina akwatin? Na ce yana kicin, amma ban bar shi ya shiga ba, kwanukan safe ne jibge ban wanke ba, ga tsummokara a ƙasa, ina ni ina nuna wa baƙo wannan. Na leƙa da kaina na ce masa fitilunsa duk kore ne. Ya ce to ai shi ke nan. Ya sha ruwa ya tafi.

Washegari muka je asibiti. Likitar ta juyo mana da allon kwamfutarta, wasu layuka ne suna hawa suna sauka kamar haƙoran zarto, reras, reras, sai ka zo wani wuri fari fat babu komai, sai haƙoran su ci gaba. Ta ɗora biro a kan farin ta ce, Baba, tsakaninka da Allah, in filastar ta yi maka ƙaiƙayi kana ɓamɓare ta? Kin san Babanki da zuciya. Ya gyara zama ya ce, Likita, tun kafin a haife ki nake tuƙa mota ban taɓa kwance bel a kan hanya ba, filasta ce zan cire? Ta yi dariya ta ce to ko gumi ne yake ɗaga ta.

Na buɗe baki na faɗi nawa, sanyin hannun, da tokar fuskar, da yadda zuciyar ke tsayawa. Ta saurara, ba zan yi mata ƙarya ba, ta saurara. Amma da na gama sai ta dafa hannuna ta ce, Mama, ke kina samun barci kuwa? Auta, na gane tambayar nan. Ban yi makaranta mai nisa ba amma na san in ana tambayar mutum ko kansa ɗaya.

Ta ce abin da ke zuwa musu zuciya ce ta mai shekarunsa, ba yabo ba fallasa. Ta ce filastar aro ce, akwai masu jira a layi, ƙarshen makon nan za mu mayar. In har lokacin ba su ga komai ba, za ta sa masa hannu ya koma bakin aiki.

Bakin aiki, Auta. Motar kamfanin nan mai kai kaya gari-gari, shi kaɗai a gaba, babu ko mai miƙa masa ruwa.

Shi kuwa tun a hanya yake fara'a. Muna zuwa gida ya ciro rigar aikinsa ya ce in goge masa, ya zauna yana shafa wa takalmi mai yana 'yar waƙa. Na ce in hannun ya fara maka a kan sitiyari fa? Ya ce sai ya faka. Na ce in a kan gada ne fa, ko a gangara da babbar mota a bayanka? Ya ce ke dai matsalarki ba kya barci, likita ma ta faɗa. Na goge rigar. Ina gogewa ina ganin titin nan a idona, har na kusa ƙona masa kwala.

Na gaya wa Yayanki a waya, ya ce tunda likita ta ce lafiya ai sai a gode wa Allah. To na gode. Amma ni na sa kunnena a ƙirjin nan, ba wani ya ba ni labari ba.

* * *

Auta ba ki amsa ba. Na san aiki ne. Lafiya dai ko?

Ina rubuta miki ne a tsaye a kicin, jaka tana juyawa a obin. Abin ya sake zuwar wa Babanki. Yana fitowa daga wanka ya dafa bango ya ce hannuna, na ja shi zuwa kujera da tawul a ƙugunsa. Wannan ya fi na baya, kansa ya langaɓe gefe, bakinsa ya saki. Bari in kai masa wannan.

Na dawo, na saka ɗayar. Ga saƙon nan ma ya ƙi tafiya.

Ya farfaɗo. Abin da ya fara cewa, kada ki sake ki kira mutanen nan. Na ce to. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na kira su. Nas ɗin ta ce, Mama, ke ce kuma? Ta duba. Fari fat.

Auta, ni tsoro ya fara shiga ta inda ban saba ba. Ciwo ne wannan ko wani abu ne mai wayo, da ya san ana gadinsa, in zai shigo sai ya fara rufe wa mai gadi ido? Ko kuwa ni ce? In ni ce ki gaya min, ke ba za ki ɓoye min ba. Na fi son a ce kaina ne ya taɓu, a kai ni a ba ni magani, da a ce gaskiyata ce amma sai a bakin titi za a yarda.

* * *

Umma, ina wuni. Lafiyata ƙalau. Ki zauna ki karanta wannan a hankali, har ƙarshe, kafin ki taɓa komai a gidan.

Kanki ɗaya, Umma. Kuma ba wani abu mai wayo ba ne. Ina jin obin ɗin ne.

Yau a ɗakin cin abincinmu na samu hutu, na tsaya kusa da inda ake ɗumama abinci ina ta ƙoƙarin buɗe saƙonki, yana ta juyawa ya ƙi buɗewa. Sai mai kula da intanet ɗin kamfaninmu, yana jiran abincinsa, ya ce min, matsa daga nan, muddin obin ɗin nan yana aiki ba za ki samu komai ba, kowa a nan ya sani. Abincinsa yana gama ɗumi saƙonki ya buɗe. Layin farko da na gani: "a tsaye a kicin, jaka tana juyawa a obin." Umma, a nan na gane.

Na zaunar da shi ya yi min bayani. Waifai magana ce da ke tafiya a iska kamar ta rediyo, tana da hanyar da take bi. Obin ɗin ɗumame shi ma da irin wannan igiyar yake zafafa abu, kuma kusan hanyarsu ɗaya, sai dai ƙarfinsa ya fi na akwatin nesa ba kusa ba. Ƙofarsa tana tare yawanci, amma ɗan abin da ke tsiyayowa ya isa ya cika hanyar in suna kusa da juna. Ki ɗauka filastar Baba tana yin raɗa daga falo, akwatin yana kasa kunne, sai aka tayar da injin niƙa a gefen kunnensa. Filastar za ta faɗa, ba a ji ba, ta sake faɗa, ba a ji ba. Na kira asibitin, sun ce irin wadda suka ba Baba ba ta iya riƙe abu da yawa, in ta gaji da maimaitawa sai ta zubar ta kama na gaba. Shi ne farin da kika gani.

Ni a falo na kafa akwatin. Yaushe ya koma kicin? A ina yake zaune?

Ki gwada ki gani da idonki. Ki ba Baba wayarsa ya kunna ƙwallo a falo, ki sa kofin ruwa a obin ki kunna, ki je ki buɗe rigarsa ki kalli idon filastar.

In haka ne, to kada ki sake kunna obin ɗin, ko Baba ya roƙe ki. Kada kuma ki zare wayar bango, in soket ɗinsu ɗaya za ki kashe har akwatin. Kada ki matsar da akwatin yanzu, kada wata waya ta saki mu rasa gaba ɗaya. Obin ɗin kawai. In abin ya zo ki kwantar da shi, ki ɗaga ƙafafunsa, ki kira asibiti nan take.

Kuma kada ki zauna kina cin kanki. Ni na sayi obin ɗin, ni na koya miki jakar.

Autarki.

* * *

Auta, na gani. Sannu, Allah ya yi miki albarka. Lafiya muke, in dai ana kiran wannan lafiya.

Akwatin a kan obin ɗin yake zaune. A kansa, Auta. Soket ɗin falo ne ya fara tartsatsi bayan tafiyarki, na kira mai gyaran wuta ya ja min wayar zuwa kicin, na ga saman obin ɗin shimfiɗaɗɗe ne, babu mai taɓawa, har ƙyalle mai ado na shimfiɗa masa a ƙasa don kada sanyin ƙarfe ya kama shi.

Na yi yadda kika ce. Na ba Babanki wayarsa, ya yi mamaki wai yau ni ce da kaina nake cewa ya kalli ƙwallo. Na sa kofin ruwa na murɗa. Ban kai ƙofar falo ba na ji shi yana cewa, kai, wa ya tsayar min da mutum da ƙafa ɗaya a sama? Na zo na ɓalle masa maɓallin riga, yana cewa ke lafiya da rana tsaka. Idon nan da na sani kore, ja ne. Ja wur. Obin ya yi ƙarar gamawa, ɗan ƙwallon ya sauke ƙafarsa, idon ya koma kore a gabana.

Ban taɓa ganin jan ba, don kullum ni ina kicin, shi kuma na lulluɓe shi da bargo har wuya.

A nan ƙasa na zauna. Kin ce kada in ci kaina, to na ji, amma hannun nan nawa ne yake murɗa abin, da gudu ma nake zuwa in murɗa. Babanki da ya ga ina hawaye ya ce, to mene ne abin kuka, obin ya ci amanarmu, sai mu daina gaishe shi. Da na yi masa bayani sosai kuma sai ya kalli rigar aikinsa a rataye. Can ya ce, ni dai na warke.

Na kira asibiti. Likitar ba ta nan, nas ɗin ta ce ta rubuta, za ta gaya mata, amma mu dai mu zo da filastar ranar da aka ce, wanda zai karɓa an riga an kira shi. Na ɗaure ƙofar obin ɗin da tsohon ɗankwalina, ƙulli biyu, don na san ƙafata, in ya ce hannuna ba za ta tambaye ni ba.

Yanzu ga inda nake, kuma ba wanda zan iya gaya wa sai ke. Tun jiya yake garau. Ya ci abinci har da ƙari, ya sauka ƙasa ya hau. Ni kuma ina bin sa da ido daga ɗaki zuwa ɗaki. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai bakina ya tsaya. Me zan ce? In ce Allah kada ya kawo ciwon, ya hau mota da shi a ƙirji. In ce Allah ya kawo, wace irin mata ce take roƙon a kayar mata da miji? In ya zo kuma bai tashi ba fa? Na dai ce Allah ka fi ni sanin abin da nake nufi, na shafa.

* * *

Auta. Auta ki fito daga wurin nan don Allah ki ɗauki waya.

Ba gaisuwa yau, ki yafe ni. Yau ce ranar mayar da filastar. Ya yi wanka ya karya, ya sa rigar aikin wai daga asibiti zai wuce ofis ya nuna musu takarda. Ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalmi, sai na ga igiyar ta kuɓuce masa. Ya sake kamawa ta sake kuɓucewa. Ɓoye min zai yi. Ni na kama hannun. Ƙanƙara.

Na kwantar da shi a kan kafet na ɗora ƙafafunsa a kujera yadda kika ce. Sai ya ce, ɗumama min. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ganina na yi a gaban obin hannuna a kan ƙullin ɗankwalin. Na tsaya. Yana kirana daga falo, ke, don Allah, sanyi, sanyi nake ji. Auta, tunda aka kawo ni gidan mutumin nan bai taɓa ce min don Allah a kan abu na hana shi ba. Haƙoransa suna haɗuwa ina ji daga kicin. Na ɗauke hannuna daga ƙullin na dawo hannu wofi. Ya kalli hannuwana, ya kalle ni. Wannan kallon ban san ranar da zai bar ni ba.

Na ɓalle masa riga na bar ƙirjin a buɗe don in ga idon. Na kama hannuwansa biyu na cusa a hammatata na matse, abin da nake da shi ke nan mai ɗumi. Idon kore. Fuskarsa ta koma toka, idon kore. Kansa ya langaɓe, na kira shi bai amsa ba, idon yana ta ƙyaftawa kore kamar ba abin da ya dame shi. Ina ce wa idon, kai aika, aika, kada ka tsaya.

Ina laluben waya da hannu ɗaya in kira su, sai ta yi ƙara a hannuna. Su ne suka kira. Likitar ce da kanta, ba nas ba. Ta ce, Mama, mun gani. Muna kallo yanzu haka. Zuciyar ta tsaya, kuma ta daɗe a tsaye. Kada ki bar shi ya tashi ko zaune, kada ki ba shi komai a baki, motar asibiti ta taso, ki cire sakatar ƙofa. Muryarta ba irin ta ranar nan ba ce, sauri take yi.

Na yi ta jiran ranar da matar nan za ta ce min mun gani. Da ta faɗa kuma, wallahi sai na ji da ma ta sake cewa ba su ga komai ba.

Ya farfaɗo yanzu. Yana kwance, na hana shi motsi. Ya ce wa ya kira? Na ce likita. Ya ce sun gani? Na ce sun gani. Ya rufe ido ya daɗe, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Sai ya ce in cire masa takalmin, ɗaya ne a ƙafarsa, kada mutane su zo su same shi kamar mahaukaci. Na cire.

Na manta sakatar. Ina so in tashi in cire, amma ya riƙe min zani. Da babban yatsa ɗaya nake rubuta miki, ɗayan hannun yana kan wuyansa inda jijiya ke bugawa. Tana bugawa, tana jinkiri, tana bugawa. Saƙonnin nan duk suna tafiya, ina gani, ko ɗaya bai maƙale ba. In kin buɗe loka za ki same su a jere, ki fara daga sama, kada ki tsorata, ki nemi wuri ki zauna tukuna.

Yatsunsa sun fara sanyi kuma. Ya ce min, kada ki je kicin. Shi da bakinsa. Na ce ina nan, ba inda zan je. Ina jin hayaniya a ƙasan bene, kamar ana hawowa da wani abu mai nauyi, yana bugun bango. Auta ki yi ta addu'a, in sun tafi da shi zan bi su a motar, zan ɗauki cajar waya, in na samu wuri zan

Ana buga ƙofa. Sake min zanin, su ne, bari in